Ƙuri'a 495 Da Injin Ban Ruwan Kawu

Ranar da muka fara jin sunan Uxbridge, muna zaune ne a ƙofar gida bayan sallar isha'i, muna ta wani lissafi da ya ƙi fita. Watan Yulin 2023 ne. Damina ta kankama, shinkafa ta yi kore shar a fadama, amma hankalinmu ya riga ya tsallaka zuwa rani, domin a makon nan ne litar fetur ta haura naira 600. Wata biyu kafin nan, farashin gwamnati bai kai 200 ba. Kawu na kishingiɗe a kan tabarma, rediyo a gefensa, yana jin mu muna ninka lita da awa, muna ninka awa da kwanakin ban ruwa. Duk wanda ya kai ƙarshen lissafin sai ya yi tsaki ya sake daga farko.

Ana cikin haka saƙon murya ya shigo daga Yaya. Babban wanmu ne, ya daɗe a yammacin Landan, aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu. Kullum yana bisa hanya daga wannan gida zuwa wancan a wata tsohuwar mota mai shan dizal. Bayan gaisuwa ya ce a gaya wa Kawu yau sun yi zaɓen cike gurbi, kuma shi ma ya jefa ƙuri'a, tunda dokar Birtaniya ta yarje wa 'yan ƙasashen rainon Ingila da ke zaune can bisa ƙa'ida su yi zaɓe. Ya ce kusan duk rigimar zaɓen a kan mota aka yi ta.

Kawu ya tashi zaune ya ce, "Mota kuma? Raba musu za a yi?"

Muka yi dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba, da gaske yake tambaya. A iya saninsa, in mota ta shigo maganar zaɓe, to ko dai ɗan takara ne ya raba wa 'yan gaban goshinsa, ko kuma an ɗauko hayarta don kwasar mutane zuwa taro.

Abin da ya faru kuwa shi ne, kujerar mazaɓar Uxbridge da South Ruislip ta Boris Johnson ce, tsohon firaminista. A watan Yuni ya ajiye ta, bayan kwamitin majalisa ya binciki ko ya yaudari 'yan majalisa game da shagulgulan da aka yi a fadarsa lokacin kullen korona. Ranar 20 ga Yuli aka yi zaɓen maye gurbinsa. Jam'iyyarsa ta Conservative, wadda a lokacin take mulki tun 2010, ta riga ta fita daga ran jama'a. A rana ɗaya aka yi irin wannan zaɓe a mazaɓu uku, ta sha kaye a biyu, Labour ta ƙwace Selby da Ainsty, Liberal Democrat ta ƙwace Somerton da Frome. Kowa ya zaci Uxbridge ma ta tafi. Sai ga shi ɗan takararta, Steve Tuckwell, ya kayar da Danny Beales na Labour da ratar ƙuri'a 495 kacal.

Abin da ya cece shi wani haraji ne na hayaƙi da suke kira ULEZ. Magajin garin Landan, Sadiq Khan, ɗan Labour, ya ƙudiri aniyar faɗaɗa shi daga tsakiyar birni zuwa dukkan unguwanni daga ranar 29 ga Agusta. Duk wanda motarsa ta tsufa, hayaƙinta ya wuce ƙa'ida, zai biya fam 12.50 a duk ranar da ya hau titi da ita. Mai kuɗi ba ruwansa, tunda motarsa sabuwa ce. Wanda abin ya faɗa wa shi ne mai gyaran famfo, da mai kai kaya, da irin su Yaya.

Yaya ya ce sai da ya kwana uku yana juya abin a ransa. Ƙaramar 'yarsa tana fama da asma, ba ta fita sai da abin shaƙa a jakar makaranta, kuma likitoci ba su ɓoye masa ba cewa hayaƙin titi na tayar mata da ciwon. Ya san labarin yarinyar nan 'yar shekara 9 da ta rasu a kudancin Landan a 2013, wadda daga baya, a 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalinta. To ga lafiyar 'yarsa, ga kuma fam 12.50 kullum daga albashin da bai taka kara ya karya ba, wanda a cikinsa ne yake aiko mana da ɗan abin da ya samu. Har yau bai gaya mana wa ya zaɓa ba, mu ma ba mu matsa ba.

Amma ba wannan ne ya tsaya wa Kawu a rai ba. Abin da ya sa aka maimaita masa saƙon har sau biyu shi ne inda Yaya ya ce sau uku ana ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin zaɓe, mutanen 'yan takara suna tambayarsa me ke damunsa, suna rubutawa. Ya ce hatta ɗan takarar Labour, da ya ga inda iska ta kaɗa, fitowa ya yi ya nemi a jinkirta harajin da ɗan jam'iyyarsa ya kawo.

Kawu ya ce, "Ba su ba shi komai ba?"

Muka ce, "Ko sisi, Kawu."

Ya ce, "Shi ma bai nema ba?"

Muka ce bai nema ba. Ya girgiza kai ya koma ya kishingiɗa.

Mu mutanen Haɗejiya ba yau muka san Turawan Ingila ba. A watan Afrilun 1906 suka shigo garin nan da bindigogi, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa, abin da ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Saboda haka ba mu da al'adar ɗaukar duk abin da ya fito daga Landan a matsayin darasi. Sai dai abin da ya biyo bayan waɗannan ƙuri'u 495 ya sa dole muka tsaya muka duba. Mako biyu da zaɓen, magajin gari ya sanar da buɗe tallafin canza mota ga duk mazaunin Landan mai tsohuwar mota, har zuwa fam 2,000, alhali da can wasu rukunin mutane kaɗai ke samu. Ranar 20 ga Satumba kuma firaminista Rishi Sunak ya fito ya ɗage wa'adin hana sayar da sababbin motocin fetur da dizal daga 2030 zuwa 2035. Wa'adin nan na 2030 Boris Johnson ne da kansa ya sa shi a 2020, don a tilasta wa kamfanoni su koma ƙera motoci masu aiki da lantarki. Wato mutanen da ba su kai cikar masallacin Juma'a ɗaya ba sun sa gwamnatin ƙasa guda ta ja birki.

Mu kuwa a lokacin, an yi wata biyu da yanke mana namu hukuncin. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Ba za mu ce abin ya zo ba zato ba, domin shi da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun faɗa tun lokacin kamfe cewa za su cire. Ba kuma za mu ce babu hujja ba. A 2022 kaɗai tallafin ya lashe fiye da naira tiriliyan 4, kuma duk wanda ya san hanyoyin kan iyaka ya san inda wani kaso na man ke bi. Abin da muke tambayar kanmu shi ne, a duk tsawon kamfe ɗin nan, wa ya tashi a cikinmu ya ce, in an cire, manomin rani fa?

Wanda bai san fadamar Haɗejiya ba zai ɗauka fetur maganar masu mota ce. A wurinmu maganar tuwo ce. Kakanmu da jigo ya yi ban ruwa, doguwar sanda da guga a kai, da dunƙulen laka a gindi, yana ɗebowa yana zubawa daga asuba har rana ta take, kuma iyakar abin da zai iya shayarwa 'yan fangalai ne na albasa da tattasai. Sauran noman kogi ne ke yi masa. Ruwa ya cika ya malala, ya janye ya bar laima da taki, a shuka a bayansa. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai kogin ya canza hali. Malalar da aka saba da ita ta ragu, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya zama tafki. A zamanin su Kawu ne ƙananan injinan ban ruwa suka bazu, tun muna cikin tsohuwar jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, daga baya shirin Fadama ya ƙara yaɗa su. Da injin nan da 'yar rijiyar bututu, mutum ɗaya ya iya noma abin da goma ba sa iyawa da jigo. Shinkafar rani, da alkama, da tumatir, da albasar da ake lodi daga Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri, in ka cire gonakin da ke shan ruwa kai tsaye daga magudanan hukuma, kusan duk a kan fetur suke tsaye.

Ranin da ya biyo baya mun ga abin da ba mu taɓa gani ba. Mun rage gonar shinkafa zuwa rabi. Maƙwabcinmu na gabas ya bar tasa gaba ɗaya ya tafi ci-rani. Wasu suka kai injinansu wurin bakanike aka sauya musu kafireto suka koma aiki da gas ɗin girki, sai ka ga tukunyar gas a bakin rijiya kamar za a ɗora sanwa. Shi ma gas ɗin bai daɗe ba ya bi sahun fetur. Mu kan ba shuka ruwa sau ɗaya a inda take son biyu, muna kallo ganye na naɗewa, muna cewa gobe. Da aka zo girbi, buhunan da muka samu ba su biya wahalar ba.

A ranin ne muka fara ganin faifan sola a gonaki. Da farko jefi-jefi, a gonar wani ɗan kasuwa ko wani ma'aikaci mai albashi. Mukan tsaya mu yi kallo. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba jarka, ruwa kawai ke fita daga tiyo tun hantsi har la'asar. Muka kawo wa Kawu maganar, ya ce shi bai yarda da injin da ba a jin kukansa ba. Sai da shekara ta zagayo, lita ta haura naira 1,000, sannan wata safiya ya ce a kai bijiminsa kasuwa. Bijimin nan shi ne ajiyarsa, shi yake nunawa in ana maganar auren autarsa. Kuɗinsa bai isa ba, Yaya ya cika.

Yanzu rani na biyu ke nan muna ban ruwa da rana. Ba za mu yi ƙarya mu ce babu matsala ba. Ƙarfinsa bai kai na injin fetur ba, sai a yi haƙuri a bi fangali-fangali. In hazo ya rufe sama lokacin hunturu, ruwan sai ya koma kamar fitsarin yaro. Kullum sai an goge ƙura. Da yamma sai an kwance faifan an ɗora a amalanke an kai gida, in ba haka ba a wayi gari babu su. Kasuwa ta cika da na jabu, wanda bai sani ba sai ya zuba kuɗin bijimi a kan gilashin banza. In famfon ya lalace kuma, masu gyaran ƙwarai ba su da yawa. Amma duk da haka, ranar da muka rufe lissafin ranin farko muka ga babu layin fetur a ciki, Kawu ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa, ko da yake boko bai dame shi ba.

Abin da Birtaniya ke ta jayayya a kai a majalisa, a sa wa'adi a ɗage, mu mun fara shi a fadama ba tare da an sa mana rana ba. Ba don mun fi su son muhalli ba, tsada ce ta koro mu. Kuma kamar yadda aka yi a Uxbridge, sauyin ya zo ya tarar da mutane ba daidai suke ba. Mai bijimi ya tsallake, mai ɗan'uwa a waje ya tsallake. Maƙwabcinmu na gabas ba shi da ko ɗaya. Bara ya ba da jinginar gonarsa ga wani mai sola, yanzu yana aikin ƙodago a gonar da ya gada daga mahaifinsa. In muka haɗu a kan hanya mukan gaisa, amma mu ne muke fara sunkuyar da kai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar nan da muke bi in za mu Kano. Mai ya malala a kwata, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, aka binne da yawansu a babban kabari guda. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mun ji masu cewa ganganci ne, kuma ba mu musa ba, ɗibar mai daga tankar da ta faɗi kasada ce da rai, kada Allah Ya sa wani ya sake. Amma mu da muka san abin da jarka ɗaya take nufi a watan da lita ta wuce naira 1,000, ba mu iya zaginsu ba. Duk lokacin da motarmu ta ratsa Majiya, hira takan mutu a cikinta sai an wuce gari.

To ina namu zaɓen cike gurbin? Muna yi mana. Nan kusa da mu, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Garki da Ɓaɓura, Isa Dogonyaro, ya rasu a watan Mayun 2024. Ba a cike gurbinsa ba sai ranar 16 ga Agustan 2025. Kujerar Uxbridge mako shida ta yi babu kowa, wannan kuwa wata goma sha biyar. A cikin watannin nan aka yi gobarar Majiya, aka zartar da kasafin kuɗin shekara guda, mutanen ƙananan hukumomi biyu ba su da mai magana da yawunsu a zauren. Kuma mu da muke maƙwabtaka da su ba mu ji abin ya dame mu ba, domin mun saba ɗaukar kujerar a matsayin rabon wanda ya hau ta, ba tamu ba.

A nan dole mu faɗi laifinmu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zaɓen 2023 an kawo taliya da sabulu da atamfa har cikin gidanmu, daga ɓangare fiye da ɗaya, kuma ba mu mayar ba. Wasunmu sun bi jerin gwanon kamfe a kan babur don an cika musu tanki. Ku duba fa, fetur aka ba mu, muka yi ta ihu a bayan mota, ba mu tambayi nawa za mu saye shi bayan wata uku ba. Ɗan takara ya zo ƙofar gidan nan ya durƙusa ya gaida Kawu, aka yi addu'a, aka shafa, ya tashi ya tafi. Minti goma ya yi a zaune, kuma da an tambaye shi wani abu da ya amsa, ko don kunyar idon jama'a. Ba wanda ya tambaya. Muna ganin rashin kunya ne ka titsiye baƙo, muna kuma ganin talaka bai isa ba.

Wani zai ce ai yunwa ce, kuma gaskiya ne, Yaya yana da albashi, shi ya sa bai nemi komai ba. Amma taliyar kwana biyu ta yi. Ba a ce kowa ya zama waliyyi ba. Ko wanda ya karɓa bakinsa bai ɗinke ba, yana iya tambaya.

Maganar motar lantarki kuwa, in aka yi ta a majalisarmu dariya ake yi, a ce wutar da ba ta isa cajin waya ba ita za ta ja mota? Masu dariyar suna da hujja. Mako guda bayan Majiya, manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka kwana fiye da mako a cikin duhu, masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda suka zauna. Amma abin bai yi mana nisan da muke zato ba. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, kuma lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta zuba motocin haya masu lantarki a titi. Habasha ta hana shigo da motocin fetur na hawa tun 2024. Mu a nan ba motar alfarma muke hange ba. A daidaita sahu muke hange, da babur ɗin da zai kai mai naƙuda asibiti daga ƙauye, da 'yar ƙurƙurar da za ta ɗauko tumatir daga gona kafin ya ruɓe, da firjin da zai riƙe kifi a kasuwar Haɗejiya. Ranar da ta ja ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ba za ta gaza cika batir ba.

Akwai kuma abin tsoro in muka zauna. Motocin Ingila dai sitiyarinsu a dama yake, ba su dace da titinmu ba tun da muka koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Amma sauran ƙasashen Turai ma suna kan wannan hanya, kuma mun san inda tsofaffin motocinsu ke ƙarewa, ta Kwatano ko ta Legas har su iso tasharmu. In suka gama sauyawa mu ba mu shirya ba, mu za mu gaji hayaƙin da suka kora daga titunansu, mu kuma ci gaba da sayen mansa da tsada.

Labarin Uxbridge bai ƙare a 2023 ba, kuma ƙarshensa ya sa muka daina yi masa fassarar gaggawa. An faɗaɗa harajin a ranar da aka sa. A watan Mayun 2024 Sadiq Khan ya sake cin zaɓe karo na uku. Ranar 4 ga Yuli aka yi babban zaɓe, jam'iyyar Sunak ta sha mummunan kaye duk da birkin da ya ja, Keir Starmer ya zama firaminista, Danny Beales kuma ya karɓe kujerar Uxbridge daga wanda ya kayar da shi. Sabuwar gwamnati ta maido da wa'adin 2030 ga motocin da fetur ko dizal zalla suke sha, ta bar masu haɗa mai da batir zuwa 2035. Ashe mutanen ba cewa suka yi a bar su da hayaƙi har abada ba. Cewa suka yi kada a ɗora musu kuɗin sauyin su kaɗai. Yaya ya karɓi tallafin nan, ya haɗa da bashi ya canza mota. Ya ce har yanzu yana biya, amma yarinyar ta rage kwana a asibiti, ko da yake shi kansa ba ya rantsuwa cewa harajin ne sanadi.

Mu ma zuciyarmu biyu ce a kan rigimar tasu. Aljihunmu yana tare da mai tsohuwar mota, domin mun san zafin a wayi gari a ce abin neman abincinka ya zama laifi. Amma kogin da muke kwana a gefensa yana tare da masu son a rage hayaƙi. Duk wanda ya kwana a kan jinga a daminar 2020 ko ta 2022, yana cika buhu da ƙasa cikin duhu don kada ruwa ya ci gari, ya ga gidajen laka suna narkewa, ya ga shinkafar da ta kusa nuna ta nutse, ba sai an yi masa dogon bayani a kan sauyin yanayi ba. Kachala da yashin da suka cike kogi suna da nasu kason, sakin ruwan dam yana da nasa, amma ruwan sama ma ya daina zuwa yadda iyayenmu suka san shi. Ba mu muka cika sama da hayaƙi ba, amma muna cikin masu biya.

Kwanan baya, da aka fara kaɗa gangar 2027, Kawu ya sa muka ɗauko littafin lissafin gona, ya ce a buɗe shafin baya a rubuta. Na farko, wane tsari ɗan takara zai kawo da manomin da ba shi da bijimi zai samu injin sola bashi, ya biya bayan girbi, ba tare da sai ya san wani ba? Na biyu, wa zai koya wa yaranmu gyaransa, wa kuma zai hana shigo da na jabu? Na uku, hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ta tarayya ce, kasafinta ta majalisa yake bi, to nawa zai tsaya a sa don yashe kogi da cire kachala da gyaran jinga, kuma a ina za mu ga takardar? Na huɗu, me zai hana a kafa rumfar caji mai sola a tasha da kasuwa, a fara da 'yan a daidaita sahu? Muka ƙara na biyar da kanmu: in ya ci, yaushe zai dawo ƙofar gidan nan ya ba da amsa?

Ƙaramin cikinmu ya ce, "Kawu, in ya ƙi amsawa fa? Mu nawa ne?"

Kawu ya ce, "Ku nawa ne a gidan nan masu kati?"

Muka ƙirga, har da matan gida, muka ce goma sha ɗaya.

Ya ce, "To ku je ku ƙirgo na layin nan, ku haɗa da na fadama. In kun kai ɗari biyar ku zo ku gaya mini."

Mun fara ƙirgar. Maƙwabcinmu na gabas ne ya fara ba da sunansa, ya ce a sa tambayarsa ta zama ta farko, muka ce ai ita ce ta farko. Tsohon injin fetur ɗin yana nan a zaure an lulluɓe shi da buhu. Mun so mu sayar, Kawu ya hana, ya ce a bar shi saboda ranar hazo.